SISILIYA, 'YAR'UWAR KWAƊO MARA ƘAFAFU

Mutanen Arewa da yawa su kan tafi ƙasashen kurmi, waɗansu fataucin goro, waɗansu ƙwadago a gonakin koko da na ayaba, waɗansu kuwa aikin Gwamnati ko neman ilmi. Wanda duk ya riƙe fartanya a waɗannan wurare da damina, mai yiwuwa ne wata rana ya tono wata 'yar halitta doguwa mai santsi, ba hannu ba ƙafa, ya ga ta shiga mutsu-mutsu cikin danshi. Abin da a kan yi nan take shi ne a ɗaga fartanya a raba ta biyu, gama wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To, amma kama da wane ba ta wane. Sau da yawa abin da aka kashe ɗin wata dabba ce dangin kwaɗo, wadda ba ta neman kowa da faɗa.

An shirya wannan darasi domin jama'a, musamman malaman makaranta da malaman gona da ma'aikatan daji, su san wannan dabba, su iya rarrabe ta da macizan da ke kama da ita, su kuma san dalilin da ya sa ya kamata a bar ta da ranta.

1. Sunanta da Danginta

Da ya ke ba a ƙasar Hausa ta ke zaune ba, sai a kira ta da sunan da masana ilmin dabbobi suka ba ta, watau sisiliya. Asalin sunan wata kalma ce ta harshen Latin mai ma'anar makaho, saboda ƙanƙantar idanunta.

Masana sun kasa dabbobi masu ƙashin baya kashi biyar. Akwai kifaye, da dangin kwaɗi, da masu jan ciki irin su maciji da ƙadangare da kada, da tsuntsaye, sa'an nan da masu shayar da nono. Abin da ya haɗa dangin kwaɗi wuri ɗaya shi ne fatarsu. Fata ce mai laushi da danshi, ba gashi, kuma ta cikinta su ke shaƙar wani kashi na iskar da ke raya su. Saboda haka duk ran da fatar ta bushe, ran nan ne ajalinsu.

Dangin kwaɗi kuma gida uku ne. Gida na fari shi ne na kwaɗin da kowa ya sani, waɗanda sun fi iri 7,000 a duniya. Na biyu shi ne na salamanda, masu siffar ƙadangare, babu su kuwa a Afirka ta Yamma. Na uku, wanda ya fi ƙanƙanta, shi ne gidan sisiliya, mai iri 200 da 'yan kai.

Kada manomi ya ji kunya don ya ɗauke ta maciji, manyan masana ma sun yi haka a dā. Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin wanda ya tsara yadda a ke raɗa wa halittu suna, cikin macizai ya sa ta a littafinsa na 1758. Sai a 1831 wani Bajamushe, Johannes Müller, ya duba wata ƙarama da ke ajiye a birnin Leiden na ƙasar Holan, ya ga 'yar kafar numfashi a wuyanta irin ta 'ya'yan kwaɗin da ke iyo cikin kududdufi. Irin wannan shaida ce ta tabbatar da ko 'yar wane gida ce.

2. Inda Ta Ke Zaune

Sisiliya dabbar ƙasashen zafi ce masu yawan ruwan sama. Ana samunta a Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, da Indiya da Siri Lanka da kudu maso gabashin Asiya, da tsibiran Seshel, da kurmin Afirka. Babu ita a Turai, ko Madagaska, ko Ostareliya. Mazauninta shi ne ƙasa mai laushi da danshi, ƙarƙashin ruɓaɓɓun ganyaye da kututture, da gaɓar rafi, da gindin ayaba, da juji. 'Yan kaɗan ne a Amurka ta Kudu suka koma zaman ruwa ɗungum.

A kurmin kudancin Nijeriya akwai iri biyu sanannu. Ta fari masana suna ce da ita Geotrypetes seraphini, ana kuwa samunta tun daga Saliyo har Gabon da Kwango. Ta biyu ita ce Herpele squalostoma, wadda ke kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru da ƙasashen da ke kudu da su. Tsawon kowaccensu ya kan kai inci 12 ko ya ɗara kaɗan.

Kamaru ta fi Nijeriya yawan ire-irenta. A can ne, wajen ƙasar Mamfe kusa da iyakar Nijeriya, aka sami ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a duniya, Idiocranium russeli, wadda tsawonta kamar inci 4 ne kurum. An raɗa mata suna a 1936, daga nan aka yi shekaru aru-aru ba labarinta, sai a 2015 aka buga labarin sake samunta. A 2000 kuma aka bayyana wani sabon iri daga dutsen Cabbal Mbabo, cikin tuddan Adamawa na Kamaru, dab da iyakar Nijeriya. Mafi tsawo duka kuwa a ƙasar Kolambiya ta ke, ta kan kai kusan inci 60.

Dalilin rashinta a ƙasar Hausa a fili ya ke. Dabbar da ranta ke rataye da danshin fatarta, ina za ta iya da watanni shida ko bakwai na rani, ga hunturu ga zafin bazara?

3. Siffar Jikinta

Duk jikin sisiliya kayan aikin tono ne. Ƙoƙon kanta ƙaƙƙarfa ne, ƙasusuwansa a manne da juna, gabansa kuma da ɗan tsini, shi ne ta ke kutsa ƙasa da shi. Bakinta, a mafi yawan ire-irenta, yana ƙarƙashin kai ne, a ɗan koma baya, don kada ƙasa ta cika shi sa'ad da ta ke tono. Gaɓoɓin ƙashin bayanta suna da yawa ƙwarai, na waɗansu sun haura 200. Fatar kuwa a kewaye ta ke da zobba-zobba tun daga wuya har ƙarshe, waɗannan ne ke sa a ɗauke ta babbar tana. A waɗansu ire-iren akwai 'yan ɓawo mitsi-mitsi binne cikin fatar, ba a ganinsu daga waje.

Ƙarfin tononta ya wuce yadda a ke zato. Ta kan lanƙwasa ƙashin bayanta cikin fata, ta tokare bangon rami da jikinta, ta matse tsokokinta har jikin ya sandare, sa'an nan ta tura kai gaba. A 1997 waɗansu masana a Amurka suka auna ƙarfin wata irin sisiliya ta Amurka ta Tsakiya, suka tarar ya kai kamar ninki biyu na macijin tono mai girmanta.

Idanunta 'yan ɗigo ne a rufe da fata, na waɗansu ma, kamar Herpele, ƙashi ne ya rufe su. Iyakar aikinsu su rarrabe haske da duhu. A maimakon gani, akwai wani ɗan tsiro mai laushi a kowane gefen fuskarta, tsakanin ido da hanci, wanda ta kan fito da shi ta mayar, kamar ƙahon dodon koɗi amma ƙarami ƙwarai. Da shi ta ke sansanar abin da ke gabanta cikin duhun rami. Babu wata dabba mai ƙashin baya da ke da irin wannan gaɓa sai ita.

Huhunta biyu ne, amma a yawancinsu na dama ne dogo, na hagu ya tsuke, don jikin siriri ne. Akwai ma wata babba a ƙasar Barazil wadda ba ta da huhu sam, da fata kaɗai ta ke numfashi. An daɗe ba a san ta ba sai gawarta a gidajen ajiya na masana, har a 2011 aka same ta da rai a kogin Madeira, lokacin da a ke gina wata madatsar ruwa.

4. Yadda A Ke Rarrabe Ta da Tana da Maciji

Nan ne ya kamata mai karatu ya fi sa lura. Bambancinta da tana ba wuya. Ita tanar ƙasa ba ta da ƙashi ko ɗaya, ba ta da muƙamuƙi, ta kan miƙe ta yi siriri, ta takure ta yi kauri. Sisiliya kuwa jikinta da tauri, ga kai sosai, ga baki mai buɗewa, ga haƙora.

Bambancinta da maciji kuwa ta hanya uku ne. Na ɗaya, jikin maciji busasshe ne, lulluɓe da ɓawo jere bisa jere, nata kuwa jiƙaƙƙe ne mai yauƙi da zobba. Na biyu, maciji ya kan zaro harshe mai baki biyu yana wurga shi, ita kuwa ba ta yin haka. Na uku, maciji yana da wutsiya, amma ire-iren sisiliya na Afirka jikinsu a dunƙule ya ke ƙarewa, har a kan rasa gane kai da gindi sai ta motsa.

Amma fa a kiyaye da kyau. Akwai wani baƙin maciji mai sheƙi, mai ƙaramin kai da gajeriyar wutsiya mai tsini, wanda shi ma a ƙarƙashin ƙasa ya ke zama, ana kuwa samunsa a Kudu da Arewa duka. Masana suna kiransa Atractaspis. Yana da dafi, kuma ya kan zaro fiƙa ta gefen baki ya soki mutum ko da an riƙe shi ta wuya. Saboda haka duk abin da aka tono, in ba a tabbatar da ko mene ne ba, kada a sa masa hannu.

5. Abincinta

Abincin sisiliya shi ne tanar ƙasa, da gara, da tururuwa, da tsutsotsi, da sauran ƙananan ƙwarin ƙasa. Haƙoranta masu tsini ne, a karkace su ke zuwa baya, jeri biyu a sama. Sauran dabbobi masu muƙamuƙi tsoka iri ɗaya ke rufe musu baki, ita kuwa iri biyu gare ta, don haka abin da ta kama ba ya kuɓuta. In ya fi ƙarfin haɗiya, sai ta riƙe shi ta yi ta murɗawa da dukan jikinta kamar a na tufka igiya, har ta yagi loma.

Fatarta na fid da ruwa iri biyu. Na wajen kai yauƙi ne mai sauƙaƙa mata ratsa ƙasa, na wajen gindi kuwa mai guba ne, don ya kori abin da ya biyo ta cikin rami. A 2020 masanan Cibiyar Butantan ta birnin Sao Paulo a Barazil suka ba da labarin waɗansu 'yan jakunkuna a gindin haƙoran wata sisiliya ta ƙasarsu, masu fid da ruwa mai kama da dafi. A ganinsu, amfaninsa shi ne raunana abin da ta kama za ta ci.

6. Haihuwa da Reno

Kowa ya san yadda yawancin kwaɗi ke yi. Macen ta zuba ƙwai cikin ruwa, ta yi tafiyarta, abin da ya rayu ya rayu. Sisiliya ta saɓa da haka nesa, a nan ne kuwa abin mamakinta ya ke. Namiji da mace su kan yi barbara kamar sauran dabbobi, daga nan sai hanya ta rabu uku.

Waɗansu, kamar na Siri Lanka da Indiya, su kan saka ƙwai cikin rami kusa da rafi, uwar ta naɗe jikinta a kansu har su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su gangara ruwa su zauna can tukuna, in sun girma su komo tudu.

Waɗansu kuwa haihuwa su ke yi, cikinsu har da Geotrypetes ta kudancin Nijeriya. 'Ya'yan su kan ƙyanƙyashe tun suna cikin uwa. In sun cinye kwanduwar ƙwansu, sai su riƙa kankarar bangon hanyar ƙwai ta uwar da waɗansu haƙora na musamman, suna cin wani abinci mai maiƙo da ke fita daga nan, har ranar haihuwa.

Kashi na uku su ne masu saka ƙwai a tudu, 'ya'yan su fito da siffar uwarsu sosai, ba ruwansu da zaman ruwa. A 2006 aka buga labarin yadda wata irin wannan, Boulengerula taitana ta duwatsun Taita a ƙasar Kenya, ke ciyad da 'ya'yanta. Da ta saka ƙwai, sai fatarta ta sama ta yi kauri kamar ninki biyu, ta cika da kitse, launinta ya koɗe. 'Ya'yan kuwa da haƙoransu su ke fitowa, waɗansu masu faɗi kamar cokali, waɗansu kamar ƙugiya. Sai su hau jikin uwar su yi ta ɓare fatar suna ci, ita kuwa ta kwanta shiru. Ba jini a ke fitarwa ba, gama ta sama kaɗai su ke ci, wata kuma ta sake tofowa. Da aka auna, an tarar cikin mako guda 'ya'yan sun ƙara tsawo da kamar kashi 11 cikin 100, uwar kuwa ta rage nauyi da kamar kashi 14 cikin 100.

Bayan wannan aka ga irin halin nan ga wata ta Barazil, Siphonops annulatus, aka kuma gan shi ga Herpele ta Kamaru da Nijeriya. A 2023 wani masani ɗan Kamaru, Marcel Kouete, da abokan aikinsa suka nuna cewa ta wannan hanya uwar Herpele kan ba 'ya'yanta har da waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke zama a fatarsu da cikinsu.

Sa'an nan a 2024 masanan Butantan suka zo da labarin da ya fi duka. Sun lura 'ya'yan Siphonops ba kullum su ke cin fatar uwa ba, sai bayan 'yan kwanaki, amma duk da haka suna girma da sauri. Da suka sa na'urar ɗaukar hoto suka yi ta kallo, sai suka ga 'ya'yan na taruwa a ƙarshen jikin uwar sau da yawa a yini, suna taɓa ta suna 'yar ƙara, ita kuwa ta ɗaga gindi ta saki wani ruwa mai kitse su sha. Watau dai nono ne, ko da ya ke ba ta da hantsa. Kimanin wata biyu ta kan yi a kan wannan reno, ba ta barin ramin ko don neman abinci. Wanda ya sare sisiliya da fartanya a gindin ayaba, sai ya tuna mai yiwuwa ne uwa ce ya raba da 'ya'yanta.

7. Abin da Ke Yi Mata Ɓarna

Macizai da tsuntsaye na cinta, amma wannan tun fil azal haka ya ke, bai kuwa ƙarar da ita ba. Babbar ɓarna daga hannun mutum ta ke. In aka sare kurmi, inuwa ta tafi, rana ta bugi ƙasa ta bushe, ruwan sama ya kwashe ta sama mai taki. Ƙonan daji da yawan zuba magungunan ƙwari kuma suna kashe abincinta. A 2013 aka tabbatar cewa wata cutar fata da wani irin funfuna ke kawowa, wadda ta hallaka kwaɗi da yawa a duniya, ta kan kama sisiliya ita ma, an kuwa same ta a jikin na Kamaru da na Tanzaniya.

Labarin dutsen Sagalla na ƙasar Kenya ya isa misali. Akwai wani irin sisiliya da aka bayyana a 2005, wanda duk duniya ba a san shi a ko'ina ba sai a wannan dutse. Sare itatuwan asali, da zaizayar ƙasa a gaɓar rafuka, da dashen itacen turare mai shanye ruwa, suka sa ta cikin dabbobin da a ke tsoron ƙarewarsu. Waɗannan abubuwa kuwa su ne dai suka rage wa manoman dutsen albarkar gonakinsu. Da aka tashi gyara, sai aka haɗa kai da mutanen wurin, aka shiga dasa itatuwan asali da tsare gaɓar rafuka, har aka yi gasar raɗa wa dabbar suna cikin harshensu. Abin lura a nan shi ne, ƙasar da sisiliya ke so, mai inuwa da danshi da taki, ita ce ƙasar da manomi ke so. Inda ta ɓace, alama ce gonar ma ta kama hanyar gajiya.

8. Abin da Ya Kamata A Yi

Na ɗaya, in an tono ta, kada a kashe. A ɗauke ta da bakin fartanya ko da sanda, a ajiye a inuwa mai danshi, a rufe da ganye, za ta nutse da kanta.

Na biyu, in an tarad da ita naɗe da ƙwai ko da 'ya'ya, a mai da ƙasa a hankali, a bar wurin.

Na uku, wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu kafin ya kai ga ido ko baki. A hana yara wasa da ita.

Na huɗu, wanda wani abu mai kama da maciji ya sara ko ya soka, a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaya gardamar ko mene ne.

Na biyar, a bar itatuwa a gaɓar rafi, a bar ganyaye su ruɓe a gona maimakon a cinna musu wuta, a kuma bi ƙa'idar malamin gona wajen zuba magani.

Na shida, malamin makaranta ko ma'aikacin daji da ya gamu da ita ya ɗauki hotonta, ya rubuta wuri da rana, ya aika wa sashen ilmin dabbobi na jami'a mafi kusa. Ire-irenta da yawa masana ba su da labarinsu sai kaɗan, rahoto ɗaya daga ƙauye yana iya zama da amfani ƙwarai.

Tambayoyi Don 'Yan Makaranta

1. Gida nawa dangin kwaɗi suka kasu, mene ne kuma ya haɗa su?
2. Me ya hana sisiliya zama a ƙasar Hausa?
3. Ta waɗanne hanyoyi uku a ke rarrabe ta da maciji?
4. Yaya sisiliyar duwatsun Taita ke ciyad da 'ya'yanta?
5. Don me aka ce ƙasar da sisiliya ke so ita ce ƙasar da manomi ke so?